Madam Mnena Ta Koma Aji

Duk wanda ya yi firamare a yankin Ashige cikin shekarun nan ya san Madam Mnena Iorliam, ko da bai taɓa zama a ajinta ba. Doguwar mace ce, baƙa, mai faɗin kafaɗa, tafiyarta da sauri kamar wadda ake jira. 'Yar Tibi ce, an haife ta a wani ƙauye bayan Awe, gidan manoman doya. Hausarta ta kasuwar Lafia ce, tana fita tar, sai dai idan ranta ya ɓaci mace ma "kai" take ce mata, kuma ba a taɓa samun mai ƙarfin halin gyara mata ba.

Tana da shekara ashirin da biyu ta fara koyarwa. Digirinta na farko a lokutan hutun makaranta ta yi shi, na biyu kuma da goyon autarta a baya take zuwa ɗaukar darasi. Da aka ba ta shugabancin makaranta, abu na farko da ta yi shi ne ta sa aka gyara ƙofar shiga, ta sayi kwaɗo babba. Takwas saura kwata take kullewa da hannunta. Yaron da ya makara ya koma gida. Malamin da ya makara ya tsaya a waje cikin rana har a gama darasin farko, sannan ta buɗe masa ya sa hannu da jan biro. Makarantarta tsaf take, babu ko takarda a ƙasa, masu duba makarantu idan suka zo yabo kawai suke rubutawa. Ita ma ta yarda da kanta ƙwarai. Abu ɗaya ne ya gagare ta: daga watan Nuwamba zuwa Janairu, lokacin tonon doya da yankan riɗi, rabin yaranta ɓacewa suke yi, wasu kuma ba sa ƙara dawowa.

Shekarar da ta cika arba'in da takwas, wata ƙungiya ta shirya wa shugabannin makarantu bita ta kwana uku a cikin garin Lafia. Mai jawabin wani saurayi ne ɗan gayu da ya zo daga Abuja, ana kiransa Dakta. Ya ce maganin fashin makaranta shi ne a riƙa aika wa iyaye saƙon waya duk ranar da yaro bai zo ba. Mnena ta ɗaga hannu.

"Dakta, iyayen yarana suna gona tare da yaran. Su ne suka tafi da su. Saƙon me zan aika musu?"

Ya yi murmushi irin na wanda ya saba da tambayoyin mutanen ƙauye. "Madam, ni abin da bincike ya nuna nake faɗa. Ke kina da naki binciken?"

Aka yi dariya a zauren. Ita ba ta yi ba. Ta ce, "Ba ni da shi. Amma zan yi."

Da la'asar ta iso gida a Bukan Sidi, ta tarar da mijinta Terver a tsakar gida yana ware doyar da zai kai kasuwa, manya gefe, ƙanana gefe. Terver manomi ne kuma ɗan kasuwa, mutum mai sanyin magana da son tsokana. Ko jakarta ba ta ajiye ba ta ce masa za ta koma jami'a ta yi digiri na uku a fannin shugabancin makarantu.

Ya ɗago da doya a hannu. "Maman Ngumimi, biyu ba su ishe ki ba? Shekara nawa suka rage miki ki yi ritaya?"

"Tara."

"Shi karatun shekara nawa ne?"

"Sun ce uku. Ka ɗauka biyar."

"To huɗun da suka rage fa, me za ki yi da shi?"

"Huɗu ba kaɗan ba ne ga wanda ya san abin da yake yi."

Terver ya ajiye doyar a cikin manya, ya kakkaɓe hannu. Shekara ashirin da biyar suna tare, ya san muryar da take neman shawara da ita, ya kuma san wadda take sanarwa da ita. Ya ce, "Sai a gyara babur ke nan. Na san ƙarshenta ni zan sha yawo."

Shekarar farko ta ba ta wuya, ba ta kuma ɓoye ba. Ita ce babba a ajin, wasu abokan karatunta sa'annin 'yarta ne. Kwamfuta ba ta iya ba sai da yatsa ɗaya. Darasin ƙididdiga kuwa a jarrabawar farko ya kayar da ita. Da ta ga sakamakon a jikin allo ta daɗe a tsaye, ita da ta saba rubuta wa wasu "a ƙara ƙoƙari". Daga nan ta wuce kai tsaye ofishin malamin darasin, ta ce ya nuna mata inda ta ɓata, lamba bayan lamba. Kowace Asabar da safe ta riƙa zuwa wani shagon kwamfuta tana koyon bugu. A zama na biyu ta ci jarrabawar, da maki mai kyau ma.

Wanda aka ba shi duba aikinta shi ne Farfesa Kalilu, wani ɗan tsamurmurin dattijo mai farin gemu. Kakanninsa fataken tufafi ne daga Kano da suka zauna a Lafia tun da daɗewa. Ba ya ɗaga murya, amma takarda ba ta fita daga hannunsa yadda ta shiga. Mnena ta kai masa shafi ashirin na abin da take so ta bincika. Bayan mako biyu ya miƙo mata, ko'ina ja.

"Malama Mnena, wannan ba tambaya ba ce, hukunci ne. Kin riga kin yanke cewa shugaba mai tsanani shi ke riƙe yara a makaranta. Hannu kawai kike so in sa miki."

"Farfesa, shekara ashirin da shida nake wannan aiki. Da idona na gani."

"Makaranta nawa kika gani?"

"Uku," in ji ta.

"To je ki ga talatin. Idan maganarki ta tabbata, ni zan fara yaɗa ta."

Sai da ta sake rubutawa sau biyu kafin ya yarda. Tambayar ta koma mai sauƙi: me ya sa wasu makarantun ƙauye suke riƙe yaransu a lokacin girbi da lokacin dafa gishiri, wasu kuma su watse, kuma mene ne hannun shugaban makaranta a ciki? Ta tsara takardar tambayoyi da malamai za su cike game da shugabanninsu. Farfesa ya ce kafin ta fita da ita ta gwada a kan mutane kaɗan, a ga ko tambayoyin suna fahimtuwa.

Mnena ba ta yi dogon tunani ba. Tana da malamai goma sha huɗu a makarantarta. Ta raba musu ranar Juma'a, ta ce kada kowa ya rubuta suna, ta yi musu alkawari babu wanda za a nema da abin da ya rubuta. Ta ajiye kwali a bakin ofis, kowa ya jefa tasa.

Ranar Asabar da hantsi ta zauna a baranda da kofin shayi ta buɗe kwalin, zuciyarta wasai. Tambaya ta huɗu ta ce, "Shin shugaban makarantarku yana sauraron shawarar malamai?" Takarda ta farko, "Sam." Ta biyu, "Sam." Ta gyara zaman tabarau. Cikin goma sha huɗu, goma sha ɗaya sun zaɓi "Sam". A tambayar ko malami zai iya kai wa shugaba matsalarsa ba tare da tsoro ba, mutum biyu ne kawai suka ce e. A ƙasan takardar akwai fili ga mai ƙarin bayani. Yawanci sun bar shi fayau, amma ɗaya ta cike shi har gefe:

"Madam tana da ƙwazo, ba ta cin amana, ba ta fashi. Amma ba ta taɓa tambayata me ya sa nake makara ba. Yaran da ake kulle wa ƙofa kuma ba gida suke komawa su gyara hali ba, gona suke wucewa. Wanda aka kora sau uku ba ya sake zuwa. Mun sani, amma wa zai faɗa mata?"

Ta gane rubutun nan take. Na Halimat ne, malamar aji uku, wadda sunanta ya fi na kowa yawa a jan biro.

Terver ya fito ya same ta shayi ya huce, takardu a cinya. Ta miƙa masa takardar Halimat. Ya karanta a hankali, leɓensa yana motsi.

"Ƙarya ta yi?" in ji Mnena.

"Ai ni ban san makarantarki ba."

"Ba makaranta na tambaye ka ba."

Ya sosa ƙeya. "To, a gida dai, idan kika ce 'me ka gani', yawanci kin riga kin sayi abin."

Ranar Litinin da yamma ta je wurin Farfesa Kalilu da kwalin, ta ce tambayoyin ba su yi ba, malamai ba su fahimce su ba, za ta sake wasu. Ya karanta duka goma sha huɗun, ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a kan tebur.

"Sun fahimta sarai. Takardarki ta yi aiki, har ta fi yadda kika so. Ina taya ki murna." Ya ɗaga ta Halimat. "Kin gane mai wannan rubutun ko?"

"Na gane."

"To ki manta. Kin yi musu alkawari. Ranar da yarinyar nan ta ga canji a fuskarki saboda takardar nan, ranar bincikenki ya mutu, ni ma na cire hannuna."

Mnena ta tattara takardunta. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Mutum goma sha huɗu ba bincike ba ne, Farfesa."

"Gaskiyarki. Je ki kawo sauran."

Ta cika alkawari, ko da yake da ƙyar. Washegari Halimat ta iso takwas da minti biyar, tana haki. Mnena ta ce mata abin da ta saba faɗa, "Kai, Halimat, ka makara," ta bar ta a waje yadda ta saba, ba ƙari ba ragi. Amma ranar, karon farko, ta tsaya ta leƙa ta saman katanga ta bi yaran da ta kora da kallo. Su bakwai ne. Biyu suka nufi cikin gari. Biyar suka bi hanyar gona.

Zango biyu ta yi tana yawon makarantu. Ta ɗauki izini, kwana biyu a mako mataimakinta yana riƙe mata makaranta. Terver ya gyara babur, ya ɗaura mata matashi a baya. Sun shiga ƙauyukan Keana da Awe da Obi da na Lafia, makarantu talatin da biyu. Sun faɗi sau ɗaya a cikin yashin wani rafi, ta tashi ta fara duba jakar takardu kafin gwiwarta. Ba ta yarda da rajista ba, domin ta san yadda ake cike ta. Aji-aji take shiga ta ƙirga kawunan yara da kanta, ta zauna da malamai su kaɗai, ta zauna da iyaye. Ta ga makarantar da shugabanta ba ya zuwa sai ranar kasuwa, ta watse. Wannan bai ba ta mamaki ba. Ta ga kuma makarantu masu shara tsaf da ƙofa a kulle irin tata, shugabanninsu mutanen kirki masu tsare gida, amma azuzuwan manya rabi babu kowa. A nan ta fara shakkar hukuncin da ta yanke.

Cikin watan Fabrairu suka isa wata makaranta a gefen Keana. Ƙarfe tara na safe, rana ta riga ta yi zafi. Ƙananan azuzuwa suna karatu, amma aji huɗu zuwa shida wayam. Ƙofa a buɗe. A gindin mangwaro wani mutum mai furfura, rigarsa ta koɗe, yana buga wa benci ƙusa. Shi ne shugaban makarantar, Mista Hilary, ɗan ƙabilar Alago. Mnena ta riga ta yanke masa hukunci a zuci tun kafin su gaisa.

"Ina manyan yaranka, Hedimasta?"

"Suna wurin gishiri, Madam. Ki zauna ki sha ruwa. Goma ta kusa."

Ya yi mata bayani yana ci gaba da aikinsa. Da rani matan garin suna dafa gishiri, shi ne abincinsu na shekara. Tun asuba ake jidar ruwan gishiri ana zubawa a tukwanen tacewa, a haɗa itace, kuma 'yan mata da samari su ne hannun iyayensu. Da ya zo makarantar shekara shida da suka wuce, wata uku cur manyan azuzuwa ba sa ganin yara. Sai ya je ya zauna da matan. Suka yi yarjejeniya: su saki yara tara da rabi, shi kuma ya mayar da karatun manya daga goma zuwa uku na waɗannan watanni. Ya tara malamansa suka tsara wa zai zo da wuri, wa zai tashi a makare, su da kansu. Ofishin ilimi kuwa sai da ya je sau huɗu kafin a ba shi izini a rubuce.

"Idan yaro ya wuce goma fa?"

"Goma goma ce. Ba na korar yaro, amma ranar nan zan je wurin uwarsa in ce mata ita ta karya magana, ba ni ba. Ba sa son haka."

Goma saura minti biyar suka fara shigowa, biyu-biyu, uku-uku, wasu da gudu, gishiri ya bushe fari a ƙwaurinsu. Suka wanke ƙafa a randar da ke bakin aji. Mnena ta shiga ta ƙirga. Aji shida, sunaye arba'in da ɗaya a rajista, talatin da tara a zaune. Ta sake ƙirgawa. Ta karɓi littattafan 'yan mata uku ta duba, aikin jiya an yi, an kuma duba musu.

Ta ce a kai ta wurin matan. Shugabarsu wata dattijuwa ce mai suna Zuwairatu, ta same ta tana juya gishiri a babban kasko, hayaƙi yana shiga idon kowa ban da nata. Mnena ta durƙusa ta gaishe ta, ta tambaye ta yadda aka yi suka yarda da Mista Hilary.

"Wanda ya riga shi ma ya zo nan," in ji Zuwairatu. "Da bulala ya zo, yana cewa mu jahilai ne, ba ma son ci gaban 'ya'yanmu. Wa ya ce masa ba ma so? Da kuɗin gishirin nan muke ɗinka musu kayan makaranta. Shi wannan kuwa ya zo ya zauna a kan turmin can, ya ce, 'Iya, ƙarfe nawa kuke gama aikin da sai da yara?' Tun da nake babu malamin da ya taɓa yi mini wannan tambayar. Muka faɗa masa. Ya faɗi nasa. Shi ke nan."

A hanyar komawa Lafia, sun wuce rabi Mnena ta taɓa kafaɗar mijinta ta ce ya tsaya. Ya tsaya a inuwar wata ɗorawa, yana zaton jiri ne. Ta sauko ta buɗe littafinta a kan kujerar babur ta yi ta rubutu kusan rabin awa. Da ta gama ta rufe ta ce, "Baban Ngumimi, na yi kuskure duk shekara goma sha biyun da na yi ina shugabanci."

"To yanzu fa?"

"Yanzu na san inda yake. Mu tafi."

Ba ta jira kammala karatu ba. Farkon zango na uku ta kira taron malamai. Maimakon ofishinta, inda suka saba tsayawa ita tana zaune, ta sa aka jera benci a aji shida, ta zauna a kan ɗaya. Ta ba su labarin makarantar Keana, ta faɗi abin da ta ƙirga a sauran. Sannan ta ce, "Ni na ɗauka tsoro shi ne tsari. Na auna, na ga ba haka ba ne. Ina so ku faɗa mini abin da ya kamata mu canja. Ba zan yi magana ba sai kun gama."

Mnena ta haɗe hannuwa a cinya ta jira. Can sai Halimat ta miƙe.

"Madam, mahaifiyata ɓarin jikinta ya shanye shekara biyu ke nan. Ni nake yi mata wanka in ba ta abinci kafin in fito, babu wata mace a gidan. Idan aka ba ni darasi na biyu maimakon na farko, ba zan ƙara makara ba, kuma zan riƙe darasin ƙarshe kullum."

Mnena ta dube ta. Shekara biyu tana tsayar da yarinyar nan a rana. Ta ce, "Malama Halimat, ki yafe mini. Ya kamata in tambaya tuntuni." Ta juya ga mataimakinta ta ce a gyara jadawali a ranar.

Daga nan bakuna suka buɗe, taron minti talatin ya kai awa biyu. Suka yanke cewa ba za a ƙara korar yaro daga ƙofa ba, wanda ya makara ya shiga, ya yi shara bayan an tashi. Kafin girbi Mnena ta bi unguwanni da coci da masallaci ta zauna da iyaye. Nan ba gishiri ba ne, doya ce da riɗi, aikin kuma ba na safe kaɗai ba ne, don haka tsarin Keana bai dace da su ba. Bayan muhawara mai zafi aka tsaya a kan cewa a makonni shida na tsananin girbi manyan yara su tashi sha biyun rana su tafi gona, iyaye kuma ba za su taɓa safiya ba.

Ba kowa ne ya fahimci canjin daidai ba. Wani malami ya ɗauka Madam ta yi laushi, ya fara tsallake ranar Litinin. Ta kira shi ta tambaye shi dalili, ta saurara har ƙarshe. Da ta ga babu dalilin sai son jiki, ta rubuta masa takardar gargaɗi a gabansa ta sa ya sa hannu. Labari ya zaga cewa Madam tana nan yadda take, tambaya kawai ta ƙara. Girbin shekarar, yara tara ne suka ɓace mata, inda a da sukan haura sittin. Ta bi taran gida-gida, ta dawo da shida.

Rubuta kundin ya ci shekara biyu. Farfesa Kalilu ya mayar mata da babi na huɗu sau biyar. Abin da ta gano bai ce tsanani banza ne ba, bai kuma ce sassauci ne magani ba. Makarantun da suka riƙe yaransu su ne waɗanda shugabansu ya zauna da malamai da iyaye aka yi magana ɗaya, sannan ya tsaya a kanta ba ya lanƙwasa. Cikin talatin da biyu, bakwai ne haka, kuma su bakwai ɗin ne a sama.

Ranar kare kundi ta sa atamfa mai ruwan toka, ta shiga zauren kanta a sama. Mai jarrabawar da aka gayyato daga wata jami'a mace ce, farfesa, an san ta da tsauri. Ta yi ta jujjuya shafuka, ta yi tambaya a kan ƙididdiga, Mnena ta amsa ba tare da duba takarda ba. Daga baya matar ta cire tabarau ta ce, "Ke ma shugabar makaranta ce. Ta yaya za mu tabbata ba abin da kike so ki gani kika je kika gano ba?"

"Farfesa, abin da na so in gani ban same shi ba. Na fita ne in tabbatar cewa irin shugabancina shi ne daidai. Ki duba shafi na casa'in da huɗu, inda na gwada tambayoyin. Shugabar da malamai goma sha ɗaya cikin goma sha huɗu suka ce ba ta saurare, ni ce. Na rubuta haka a wurin, ban ɓoye ba."

Matar ta buɗe shafin ta karanta, ta ɗago ta dubi Farfesa Kalilu. Shi kuwa gemunsa kawai yake shafawa. Aka ce Mnena ta fita ta jira. Minti goma ba a yi ba aka kira ta, mai jarrabawar ta miƙe tsaye ta ba ta hannu ta ce, "Barka, Dakta Iorliam." Gyare-gyaren da aka ba ta ba su cika shafi ɗaya ba. A waje Terver yana jingine da babur, da ya ga fuskarta bai tambaya ba, ya cire hula ya yi ta kaɗawa har mutane suna juyowa.

Yanzu shekararta hamsin da huɗu. Tana nan a makarantarta ta Ashige, yara da iyaye Madam suke ce mata har yau, ita ma ta fi jin daɗin haka. An yi mata tayin kujera a ofis a cikin gari, ta ce a bari sai ta ga ajin da ta fara sabon tsari da su sun fita. Asabar ɗin ƙarshen kowane wata shugabannin makarantu na kewaye suna taruwa a ajinta na shida, wani lokaci takwas, wani lokaci ashirin, kowa da matsalarsa.

Kundin nata shafi ɗari uku ne da Turanci, ta san babu hedimastan ƙauye da zai karanta shi. Sai ta taƙaita shi cikin Hausa, shafi arba'in, ta buga, ta aika wa makarantu talatin da biyun nan ta hannun direbobin kasuwa. Makon jiya kwafin Mista Hilary ya dawo mata cikin ambulan, da wasiƙa a ciki. Ya ce ya gode, malamansa sun karanta tare. Amma a shafi na goma sha bakwai ta rubuta sunan unguwar masu gishiri ba daidai ba, kuma bana sun mayar da lokacin shiga goma da rabi, domin itace ya yi nisa, yara suna daɗewa a hanya. Ya ƙara da cewa akwai wani sabon shugaba a makarantar da ke gaba da tasu, yana ta fama da iyaye, ko za ta samu ta leƙo.

Mnena ta ɗauki biro ta gyara sunan unguwar a nata kwafin. Ta leƙa tsakar gida ta ce, "Baban Ngumimi, ranar Alhamis kana da kasuwa?"

"Ina da ita."

"To Juma'a. Za mu Keana."